Ina neman shawara kan ƙungiyar waƙar yaranmu

Assalamu alaikum malamai. Ni ke kula da ƙungiyar waƙa ta ƙaramar sakandare a wata makaranta a Sabon Garin Zariya. Tun da aka rufe makarantu a 2020 saboda korona ƙungiyar ta watse. Da muna da yara kusan arba'in, yanzu tara ne, duka mata. Mazan da ke aji biyu muryarsu ta fara fashewa, suna jin kunya, sai su gudu filin ƙwallo. Na gwada maida atisaye ranar Laraba bayan tashi, iyaye suka ce Islamiyya ce. Lokacin hutun tara ma ba ya isa. Wa ya taɓa shawo kan irin wannan? Wane lokaci kuka zaɓa?