Bashin jari da ake ba mata, yana fitar da mutum daga talauci kuwa?

Maman Ilham:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Yayata ce mijinta ya rasu ya bar mata yara, tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa amma jarin ba wani abin kirki bane, gyaɗar ma bashi take karɓa. An ce ta shiga ƙungiya ta ci bashin ƙaramin banki ana biya sati sati. Abin nan yana ɗaga mutum ko dai rami ne?

Bamaraɗiya:
Allah ya jiƙansa. Ni dai kafin banki zan ce ta nemi irin Mata Masu Dubara, nan Maraɗi ƙungiyar agaji ta CARE ta fara shi a 1991. Mata ne ke haɗuwa duk sati suna zubi a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban, mai buƙata ta ranta ta mayar da ɗan ƙari, ƙarshen shekara a raba har da ribar. Ya fi adashe tunda ba sai kin jira ranar kwasarki ba.

Abu Sadik:
Hajiya maganar gyaɗar bashi nan ciwon yake. Abin da masanin tattalin arziki Muhammad Yunus ya tarar kenan a ƙauyen Jobra na Bangaladash a 1976, mata na saƙa kujerun gora, dillali ya ba su kuɗin kaya sannan ya saye kujerun a farashin da ya ga dama, sai Yunus ya ranta wa mutum 42 jimillar dala 27 kacal, daga nan bankin Grameen mai ba talakawa rance ya samo asali har shi da bankin suka ci kyautar Nobel a 2006. In yayar taki tana da masu saye dama, kuma ta sayi buhu lokacin kaka da kuɗi a hannu, wlh za ta ga bambanci. Wadda ba ta da sana'a ce bashi ke kayarwa.

Inna Talatu:
Hmm ku dai faɗa mata gaskiya. Ranar biya ba ruwansu da yaro ba lafiya, in ɗaya ta gaza sauran 'yan ƙungiya ke haɗawa, na ga zumunci ya lalace a kan haka. Ga kuɗin ruwa kuma. Ta tambaya ko suna murabaha, su sayo gyaɗar su sayar mata, kuma a faɗa mata jimillar da za ta biya tun kafin ta dangwala.

Maman Ilham:
Na gode sosai. Bamaraɗiya, ɗan ƙarin nan da ake mayarwa fa, malamai me suka ce a kai?