Hummus: wake ne ko abin dangwale?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah mazauna ƙasashen Larabawa ku fitar da ni daga duhu. Maigida ya dawo Umara yana ta santin wani abu wai shi hummus, mai laushi, ana dangwala da gurasa. Na aiki yaro kanti, sai ga shi da gwangwanin wake zubin gurjiya, a jikinsa kuma an rubuta hummus da Larabci. Cutarsa aka yi ne?

Hajiyar Jidda: Wa alaikumus salam. Ba a cuce shi ba ƙanwata, abin da kika aika aka ba shi. A Larabci hummus sunan waken ne kansa, ɗanye ko dafaffe. Wanda maigidanki ya ci cikakken sunansa hummus bi ɗahina, wato waken da aka niƙa da ɗahina. Ɗahinar kuwa ba wata aba ba ce, niƙaƙƙen riɗi ne. A gidan abinci idan kin ce hummus kawai za a gane na dangwalen kike nufi, amma wajen mai sayar da hatsi buhu zai nuna miki. Turawa ne suka ɗauki rabin sunan suka bar wa niƙaƙƙen kaɗai.

Ɗan Azhar: Gaskiya ne Hajiya. Mu nan Masar ma sai mutum ya kula. Lokacin sanyi a bakin Nilu akwai masu amalanke suna sayar da hummus ash-Sham, shi kuma romo ne mai zafi na tumatir da barkono da lemon tsami, waken na ciki, a kofi ake sha. Baƙo ya ji suna ya zaci na dangwale ne, sai a miƙo masa kofi da cokali. Har karin magana suke da shi: wane ya fito daga maulidi babu hummus, wato ya tashi a tutar babu, don a taron maulidi nan gasasshen waken ko'ina ake sayar da shi.

Baba na Maiurno: Mu a Sudan kabkabe muke ce masa. Da azumi ana dafa shi a yi balila, ba a raba shi da tabarmar buɗa baki.

Maman Ilham: Ikon Allah! To Hajiya, gwangwanin nan zai yi, ko sai na nemo busasshe?

Hajiyar Jidda: Zai yi, dafaffe ne, ki tsiyaye ruwan ki ɗauraye. Amma busasshen ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Ki nema a kantunan 'yan Labanan ko na Indiyawa, su Indiyawa chana suke ce masa. Kofi ɗaya ki jiƙa ya kwana, ki dafa da 'yar kanwa kaɗan har sai kin murza ƙwaya ɗaya da yatsa ta narke. Ki zuba a blenda da rabin kofin ɗahina, ruwan lemon tsami, tafarnuwa ƙwaya ɗaya ko biyu, da gishiri. Yana niƙuwa kina ɗiga ruwan sanyi har ya yi sumul. A faranti ki yi masa rami da bayan cokali, ki zuba man zaitun a ciki. Kada ki yi rowar ɗahina, nan mutanenmu suke faɗuwa, sai ya fito kamar faten wake.

Anti Kuku: Ni dai Hajiya sai na cire ɓawon tukuna. Bayan ya dahu ki murza cikin ruwa, ɓawon zai taso ki kwashe.

Hajiyar Jidda: Idan kanwar ta yi aikinta ba sai kin wahalar da kanki ba, Anti.

Anti Kuku: A'a, harshe yana bambancewa. Kuma Maman Ilham kada ki kashe kuɗi kan ɗahinar kwalba alhali riɗinmu ne ake lodi daga Maigatari da Dawanau a kai waje. Ki samu fari, ki surfa ki wanke tas saboda ƙasa da ɗaci, ki shanya. Ki soya sama-sama ba mai, kada ya yi ja irin na kantu, sannan ki niƙa da ɗan mai har ya zama ruwa-ruwa.

Abban Sadik: Wanda bai samu waken ba fa? Gurjiya ba za ta yi ba?

Ɗan Azhar: Za ta niƙu kuma za ta yi daɗi Yallabai, sai dai kada Balabane ya ji ka kira ta hummus. Mutanen da a 2010 suka haɗa faranti ɗaya mai kilo 10,452, daidai da faɗin ƙasarsu a murabba'in kilomita, don kawai su karɓe kambun farantin hummus mafi girma a duniya daga Abu Gosh, wani gari kusa da birnin Ƙudus, ba sa wasa da sunan nan.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri. Da gurasar Jakara zan ba shi. Kwana nawa yake yi bai lalace ba?

Hajiyar Jidda: A firji kwana uku zuwa huɗu, a rufe. Idan wutarku ba ta zama, ki yi daidai na ci ɗaya, zafin nan kafin gobe ya yi tsami.