Abin da aka tsayar a zaman tashar Wudil kan lafiyar motocin haya

Direbobi da makanikai da 'yan kamasho sun zauna a tashar Wudil kan motocin da ke lalacewa bisa hanya, kuma yawancin maganar a kan taya ta ƙare. Wani mai faci ya nuna lambobi huɗu da ke gefen kowace taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2419 na nufin mako na 24 a 2019. Ya ce tayar Kwatano tana iya zuwa da zanenta raɗau alhali robar ta bushe, sai zafin kwalta da lodin buhuna su fasa ta. Shawararsa a daina saye ba a duba lambar ba, musamman tayar gaba.

An yarda cewa ba duk lalacewa ce ɗaya ba. Fasasshen madubi na iya jira, amma birki da sitiyari ba a yi musu uzuri. A nan aka buƙaci jami'an VIO, wato masu duba lafiyar motoci, da Hukumar Kiyaye Haɗurra su riƙa duba mota a tasha kafin lodi, ba a tare ta a hanya a ci tara ta wuce da ciwonta ba. A ganina wannan ce shawarar da ta fi nauyi.

Wani dattijo ya tuna da tankar man da ta faɗi a garin Majiya na jihar Jigawa a Oktoban 2024, ya ce manyan motoci su ne farkon dubawa. Direbobi kuwa suka ce, ranka ya daɗe, a haɗa da mai motar, don shi ke hana kuɗin gyara.