Alawar yema ta ƙi daskarewa, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wadda ta iya yema, alawar madarar nan ta mutanen Filifin, ta taimaka min.

Wata maƙwabciyata 'yar can ce ta ba ni awon: gwangwani ɗaya na madara mai kauri mai zaƙi, kwanduwar ƙwai shida, bota cokali ɗaya, da dakakkiyar gyaɗa. A tuƙa a ƙaramar wuta har ta riƙa sakin kasko, a bari ta huce, a mulmula a naɗe a leda. Tata kuwa tsaf take tsayawa da tsininta kamar dala.

Tawa fa? Na yi ta tuƙi har hannuna ya sage, ta yi kauri, amma da ta huce sai ta maƙale a yatsu, ba ta mulmuluwa. Da na ƙara wuta, ƙasan ya kama, ƙwan ya yi gudaji-gudaji, ga ƙarni.

Kwanduwar ce ta yi kaɗan, ko madarar? Wadda nake samu a kanti da man kayan lambu aka haɗa ta. Garin madara zai gyara wadda ta riga ta yi ruwa? Kuma da wace alama kuke gane lokacin saukewa? Maƙwabciyar ta koma Manila, shi ya sa na zo gare ku.