Leza ko tiyo wajen fitar da fandisho?

Birkilan Ringim:
Salamu alaikum masu sana'a. An ban aikin ajujuwa uku na islamiyya a wani ƙauye nan gefen Ringim, harda kwata mita 60 da zata fidda ruwa bayan gari. Yaron mai aikin ya dage wai sai na sayi lezar nan mai jan layi a Kano, wai ita ake yayi. Ni dai tiyo mai ruwa a ciki na ɗaukar lebul da igiya da tef na sani tun ina yaron gini. Tana aiki a fili kuwa ko kuɗi zan zubar?

Safiyo Dutse:
Wa alaikumus salam malam. Mai jan layin nan ta cikin ɗaki ce, ta masu tayil da silin, in ka kafa ta a fili da rana tsaka ko taku goma baka yi ba layin ya ɓace, mai koren layi tafi fitowa amma ita kuma shan batir. Ta waje daban take, kanta ne ke juyawa akan ƙafa uku, sai ka maƙala risiba mai kama hasken lezar a jikin sandar awo tana yin ƙara har ka zo daidai, kuma da kanta take daidaita zamanta in dai baka kafa ta a karkace sosai ba. Amma fa tsayi kawai take baka, wato ina ne tudu ina ne kwari. Bata fidda maka kwanar gini. Mai fidda kwana da nisa gaba ɗaya ita ce total station, ana saita ta da madubi akan sanda, kuma wannan ba ta saye bace don ajujuwa uku. Kayi 3, 4, 5 ɗinka da tef, wato ka auna 3 a gefe ɗaya na kwanar, 4 a ɗaya gefen, tsakaninsu ya zo 5, sannan ka ja igiya daga kwana zuwa kwanar dake kallonta ta tsallake, duka biyun su zo ɗaya.

Baba Magini:
Yaro tiyonka ya isheka ginin. Ruwa baya ƙarya, sai in ka bar kumfar iska a ciki, ko rabin tiyon na rana rabi na inuwa. Kuma a ƙauyen wa zai maka caji, sai ka kai shagon mai sola ka jira.

Safiyo Dutse:
Baba a ginin na yarda da kai, amma kwatar fa? Ace gangara santimita 1 a kowace mita, kaga ƙarshenta zai sauka santimita 60 kenan. Tiyon mita 10 sai an ɗaga shi sau shida, kowane ɗagawa ɗan kuskure na hawa kan na baya, ƙarshe ruwa ya kwanta a tsakiya sauro ya samu gida. Leza mai juyawa daga waje ɗaya zata karanta maka duka.

Ɗan Auyo:
Toh ni abin da zan ƙara, yankinku da namu duk ambaliya ce da damina, ka tambayi dattawan garin inda ruwa yake tsayawa a jikin katanga, ka buga turke a nan ka ɗauki lebul daga shi kafin ka yanke tsayin daɓe. Kar kuma wani ya ruɗe ka da GPS na waya wajen iyakar fili, yana kaucewa da mitoci, rigima da mai gonar gefe kawai. In kun kunna lezar ku kori yara, haskenta ba na kallo bane.

Birkilan Ringim:
Nagode, Allah ya saka. Ginin zanyi da tiyo. Oga safiyo in na ɗauko mai na'urar na yini ɗaya don kwatar, kafin haƙa zai zo ko sai an haƙa za'a zuba kankare?