Na ce musu ba komai, amma zuciyata ta ƙi yarda

Tsohon jagoran waƙa:

Salama a gare ku 'yan'uwa. Akwai abin da yake cin raina kusan wata uku ke nan, ko matata na kasa gaya wa.

Shekara 11 ina jagorantar ƙungiyar mawaƙa a ikkilisiyarmu. Ni ke zaɓen waƙoƙi, ni ke ɗaga murya ta fari, makullin ɗakin kayan kiɗa ma a aljihuna yake kwana. Ran nan bayan sujada sai dattawa suka kira ni, suka ce lokaci ya yi da za a ba matasa dama, za su miƙa jagoranci ga wani yaro. Yaron nan ni na koya masa riƙe jita tun yatsunsa ba su iya danne igiya ba. Na yi murmushi, na ce ba komai, ai aikin Ubangiji ne. Na ciro makulli na ajiye musu a kan tebur.

Lahadin da ta biyo baya fasto ya kira sunana a cikin wa'azi, ya ce kowa ya yi koyi da tawali'una. Gaskiya yabon nan ya fi mini daɗi a kan duk tafin da aka taɓa yi mini. Yanzu ina tsaye a layi na uku, bakina yana waƙa, kunnena yana ƙirga kurakuran yaron. Ranar da ya ɗauki waƙa can sama har mata suka kasa kaiwa, wani sanyi na ji a raina, daga baya kunya ta kama ni.

To, mene ne sunan abin da nake yi? Tawali'u ne da bai nuna ba tukuna, ko girman kai ne ya sake riga?

Wata uwa a zumunta:

Ɗana, sannu. Ka riga ka san amsar, shi ya sa barci ya ƙi zuwa. Amma bari in tuna maka wani mutum da waƙa ta tona. A 1 Sama'ila sura 18, mata sun fito tarye da kiɗa da rawa, suna waƙa cewa sarki Saul ya kashe dubbai a yaƙi, Dawuda kuwa dubun goma-goma. Ba su zagi Saul ba fa, yabonsa suka yi. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne an yabi wani fiye da shi, kuma tun daga ranar ya sa wa yaron ido. Yaron da yake kaɗa masa garaya don ya samu sauƙi, shi ya jefa da mashi. Da can kuwa, ranar da za a nuna shi sarki, ɓuya ya yi a cikin kaya sai da aka je aka fito da shi. Sama'ila ya tuna masa da wannan a sura 15, cewa sa'ad da yake ƙarami a idon kansa ne Allah ya ɗaga shi.

Ban ce kai Saul ba ne. Na ce ƙirgen nan da kake yi a layi na uku, da shi ake farawa. Ni ma na yi shi shekarun baya, kuma duk wanda ya gan ni a lokacin sai ya ce babu mai haƙuri kamata.

Wani ɗan'uwa:

Mama, ku gafarce ni, ni dai ban yarda a ɗora masa laifin duka ba. Mutum ya yi shekara 11 yana hidima, a kira shi rana ɗaya a ce kawo makulli, ba a zauna da shi tun da wuri ba? Dole ya ji zafi, kuma jin zafi ba zunubi ba ne. Ni inda na ga matsala shi ne "ba komai" ɗin nan. Akwai komai, ɗan'uwa, ka ce babu. Mun saba ɗaukar shiru da sunkuyar da kai a matsayin tawali'u, alhali wani lokaci tsoro ne kawai, ko neman a ce mana mutanen kirki. Bulus da kansa, da aka yi musu dūka aka kulle su, shi da abokin tafiyarsa Sila, a Filibi ba tare da shari'a ba, washegari da aka ce su tafi a ɓoye ya ƙi, ya ce mahukuntan su zo da kansu su fitar da su. Yana nan a Ayyukan Manzanni 16. Ka koma wurin dattawan, cikin ladabi, ka ce musu yadda aka yi abin ya ɓata maka rai. Ba don su mayar maka da makulli ba.

Malamin makarantar Lahadi:

Dukansu biyun suna da gaskiya, sai dai yabon faston ne ya fi tsaya mini. Bafarisiyen da ke Luka 18 bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Yana azumi sau biyu a mako, yana ba da ushiri. Da godiya ma ya buɗe addu'arsa. Amma ma'auninsa shi ne mai karɓar harajin da ke tsaye can nesa. Duk lokacin da sai ka waiwayi wani kafin ka san matsayinka a gaban Allah, to ba gaban Allah kake tsaye ba, gaban mutane ne. Muryar da kake da ita, da kunnen da yake kama kuskure nan take, Bulus zai tambaye ka kamar yadda ya tambayi Korintiyawa: me kake da shi wanda ba ba ka aka yi ba?

Ka duba Barnaba. Shi ya tsaya wa Shawulu, wato Bulus, a Urushalima lokacin da almajirai suke tsoronsa. Shi ya tafi har Tarsus ya nemo shi, ya kawo shi Antakiya, suka yi shekara guda cur suna koyarwa tare. Da fari sunan Barnaba ne a gaba. Kafin sura 13 ta Ayyukan Manzanni ta ƙare, labari ya koma Bulus da abokan tafiyarsa. Mai koyarwa ya koma baya, ɗalibi ya shige gaba, tafiya kuma ba ta tsaya ba.

Kuskuren da kunnenka yake kamawa kuwa, kada ka zubar. Ka kai wa yaron a keɓe, kafin Lahadi, ba bayan ya faɗi ba.

Tsohon jagoran waƙa:

Na gode ƙwarai. Mama, maganarku ta shige ni, sai da na ajiye waya na ɗan zagaya. Ɗan'uwa, zan ga dattawan, ko da yake har yanzu ban san ta inda zan fara ba, tunda an riga an yi wa'azi da ni.

Akwai abin da ban faɗa ba tun farko. Makullin nan biyu ne. Ɗaya na ajiye a kan tebur, ɗayan yana cikin jakar Littafina, kuma ba mantuwa na yi ba. Muna da gwajin waƙa ranar Asabar da yamma. Zan riga kowa zuwa, don yaron yakan zo da wuri ya gyara igiyoyi.