Kare na iya sa saniya ta yi ɓari?

Alhaji na Hotoro: Salamu alaikum jama'a. Shanuna biyu sun yi ɓari a damanar nan, duka a wata na shida. Wani ma'aikacin dabbobi ya leƙa garken, ya ga karnukan gadi suna kwana a kan harawa, ya ce su yake zargi. Ni dai ban gamsu ba. Karen da bai ciji saniya ba, ta yaya zai zubar mata da ciki?

Ardo: Wa alaikumus salam. Alhaji, bakkale ne, cutar nan ta shanu mai zubar da ciki. Mun gaji shanu kaka da kakanni, kare yana bin garkenmu har dajin Falgore, ba mu taɓa jin ya yi wa nagge wannan ba. Ka duba gwiwoyinsu. In sun kumbura, kuma mahaifa ta maƙale bayan ɓarin, magana ta ƙare.

Dakta: Baba Ardo, Allah ya ƙara girma. Bakkale shi ne abin da ni ma zan fara nema a ƙasar nan. Amma maganar kare ba shaci-faɗi ba ce. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Niyosfora, a shekarar 1988 aka sa mata suna. Kare ya ci mahaifa ko ɗan tayin da aka yar, ƙwayar ta hayayyafa a hanjinsa, ta fito a kashinsa, kashin ya gauraya da dusa ko ruwan sha. Saniya ta ci, abin ya bi jini har ya kai ga ɗan da ke cikinta. Ɓarinta ya fi yawa tsakanin wata biyar zuwa bakwai, kuma uwar tana nan garau, tana cin abincinta. Bakkale kuwa ya fi zubar da ciki daga wata shida zuwa ƙarshe.

Ardo: To ai wata shida ya shiga duka biyun, Dakta.

Dakta: Shi ya sa ido ba zai raba gardamar nan ba, sai gwaji.

Ɗanlami na Kara: Ku daina wahalar da Alhaji. In dai tsutsa ce, a yi wa garken duka allurar Ivomec, a ɗura musu maganin tsutsa, shi ke nan. Mu haka muke yi wa duk dabbar da muka sayo daga Wudil.

Dakta: Ɗanlami, don Allah kada a yi haka. Ivomec na kashe tsutsar ciki da kaska, ba ya taɓa Niyosfora, kuma har yau babu maganin da ke fitar da ita daga jikin saniya. Abin da ya fi damuna shi ne, ɗirka wa mai ciki magani barkatai shi kansa yana jawo ɓari. Allurar Dexa tana zubar da cikin da ya tsufa, maganin tsutsa na albendazol kuma ba a ba saniya shi a kwana 45 na farkon ciki.

Ardo: Wannan kam na yarda. Amma in kare ne, me ya sa shanun daji ba su ƙare ba?

Dakta: Ba kowace mai ɗauke da ita ke ɓari ba. Da yawa suna haihuwa lafiya, sai dai 'yar maraƙar ta fito da ƙwayar tun daga ciki, in ta zama karsana ta ɗauki ciki ita ma ta ba nata ɗan. Haka take zama a dangin saniya ɗaya ko da an kori karen. Baba, ba ka taɓa ganin saniyar da ita da 'ya'yanta duk masu ɓari ne ba?

Ardo: Na gani. Mu cewa muke yi jininsu ne.

Malam Habu na Gwale: Kuna ta kare, kun manta bijimi. Mu a cikin gari aron bijimi muke yi, guda ɗaya ya zaga gida goma. Na ji akwai cutar da yake rabawa wajen barbara.

Dakta: Akwai, Tirikomonas, kuma tsohon bijimi ya fi riƙe ta. Sai dai ita da wuri take lalata ciki, galibi kafin wata huɗu, ka ga saniya tana ta maimaita neman bijimi. Ba ta yi kama da ta Alhaji ba. Sammore ma yana sa ɓari, amma da an ga rama da kasala, musamman in shanun sun je kiwo kudu inda ƙudan tsando yake.

Hajiya mai kindirmo: Ni tambayata nono. A wajen Alhaji nake saye, yara ke sha.

Dakta: Hajiya, ki tafasa shi sosai kafin ki kwantar. Bakkale na kama mutum ta ɗanyen nono, ya zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi. Alhaji, a ware shanun nan biyu, a ɗebi jininsu. In wata ta sake yin ɓari, kada yaro ya taɓa da hannu tsirara. A sa ɗan tayin da mahaifar a leda da ƙanƙara, a kai asibitin dabbobi na Gwale a ranar, a nemi su tura cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom in da hali. Abin da ya rage a binne da zurfi.

Alhaji na Hotoro: Wancan karon yara a bola suka yar, kuma karnukan sun ci.

Ardo: Ni har yanzu ina kan bakkale. Amma binnewa ba ta da tsada. Alhaji, in sakamakon jinin ya fito ka sanar da mu.

Alhaji na Hotoro: In sha Allah. Karnukan kuma yau zan sa a ɗaure su nesa da harawa.